Karen da na sayo don gadin tumaki ya zame mana alaƙaƙai

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 29, ni ke kula da garken mahaifina a wata gona da ke bayan gari: tumaki da awaki kusan 60, da ragunan da muke turkewa don Babbar Sallah. Bara ɓarayi suka shiga da dare suka kwashe raguna shida, makiyayinmu bai ji ko motsi ba. Abin ya ƙona mini rai. Ina yawan kallon bidiyon wasu manyan karnuka da aka ce suna korar kyarkeci a ƙasashen waje, sai na je Jos na sayo ɗan kwikwiyon irinsu da ake kira Kokeshiyan, ɗan wata biyu, da kuɗin da ya kai na raguna biyu, ban shawarci Baba ba. Don tsoron kada a sace shi ko ya mutu a gona, na raine shi a gida cikin gari. Da ya kai wata goma na kai shi gona, kwana uku kacal ya kashe ɗan rago. Makiyayi ya ce ko shi ko kare. Na dawo da shi gida na ɗaure da sarƙa. Yanzu watansa 14, ya zama ƙato, kwana yake yi yana haushi, maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa, makon jiya kuma ya tsinke ya yage wa ɗan garuwa wando. Mama ta ce ya kore mata mala'iku, jikoki sun daina zuwa. Baba tun da ya ce "ka san yadda za ka yi da shi" bai sake cewa uffan ba. Ni kuma na shaƙu da karen, ni kaɗai yake jin maganata. In sayar da shi ne, ko in sake gwada shi a gona?

Daga wani matashi a jihar Bauchi

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma abin da na fara gani shi ne ɗan da aka yi wa mahaifinsa sata, zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ya ciro kuɗi daga aljihunsa don kada a maimaita. Allah ya yi maka albarka a kan wannan niyya. Duk wanda ya taɓa wata huɗu yana jiƙa dusa yana ɗaukar harawa ya san abin da aka ɗauke muku a daren nan. Amma tunda shawara ka nema, bari in nuna maka inda gizo ke saƙa. Watanni takwas ɗin da kwikwiyon ya yi a tsakar gidanku yana wasa da kai, su ne suka haifi ɗan ragon da ya mutu, da wandon ɗan garuwa, da ƙarar mai unguwa. Ka yi ne don kare lafiyarsa, na sani, sai dai a cikin watannin nan ne ya yanke shawarar su waye danginsa.

Irin waɗannan karnuka sun daɗe a duniyar kiwo. Daga tsaunukan da suka raba Faransa da Sifaniya, ka bi ta Italiya da Turkiyya da tsaunukan Kokasas har Asiya ta Tsakiya, duk inda makiyaya ke hawa dutse da tumaki lokacin zafi su gangaro kwari lokacin sanyi, za ka tarar da wani ƙaton kare yana tafe a tsakiyar garke. Faransawa suna kiran nasu Patu, na Italiya Maremma ne, Turkawa suna tinƙaho da Kangal wanda ya ci sunan wani gari a lardin Sivas. Mutanen Turkumenistan kuwa son da suke yi wa nasu karen mai suna Alabai ya kai a 2020 aka kafa masa mutum-mutumi mai ruwan zinariya a babban birninsu Ashgabat. Naka daga Kokasas kakanninsa suka fito, yankin Jojiya da Armeniya da Azarbaijan da kudancin Rasha.

Wani marubucin Rumawa mai suna Kolumela, wanda ya rayu a ƙarni na farko na Miladiyya, ya yi rubutu a kan noma da kiwo, kuma tun a wancan lokacin ya raba karen gadin gida da karen garke. Na gida, in ji shi, a nemi baƙi, don ya firgita ɓarawo da rana, da dare kuma ya saje da duhu. Na garke a nemi fari, saboda idan kyarkeci ya faɗa wa tumaki da almuru ko da asuba, kada makiyayi ya maka wa karensa sanda a zaton kyarkecin ne. Har yau Patu da Maremma farare ne. Kusan shekara dubu biyu ke nan mutane sun san cewa aiki biyu ne daban, kai kuma ka raini kare a kan ɗaya, ka kai shi gona kana jiran ya yi ɗayan.

Yadda ake yin karen garke ba ɓoyayyen abu ba ne, an yi masa nazari sosai. A 1972 gwamnatin Amurka ta hana zuba guba a filayenta don kashe koyot, wani ɗan'uwan dila da ke yi wa masu tumaki ɓarna, sai aka koma neman dabarar tsoffin makiyaya. Wani masanin halayyar dabbobi, Raymond Coppinger, da matarsa Lorna, suka shigo da 'yan kwikwiyo daga Italiya da Turkiyya da tsohuwar Yugoslabiya a cikin shekarun 1970, suka rarraba wa masu kiwo, suna bin sawun yadda kowanne ya kaya. Ma'aunin da suka fitar har yau da shi ake aiki: kare ya zama amintacce da ba ya taɓa dabbobin, ya zama mai lizimtar garke da ba ya barinsu ya tafi yawo, sannan ya zama mai kāre su. Ka lura kariyar ce ta zo a ƙarshe. Jini yana ba ka kare mai sanyin farauta, wanda tsallen ɗan rago ba ya saurin motsa masa sha'awar laɓewa da bi da cafka. Amma wa zai ɗauka a matsayin nasa, wannan a makonnin farko ake dasa shi, kafin ya cika kamar wata huɗu. Shi ya sa makiyayin Turkiyya ke ajiye kwikwiyo cikin tumaki tun yana ɗan mitsitsi, ya kwana cikin warinsu, ya lashi bakin 'yan raguna, in ya yi rashin kunya tunkiya ta tunkuye shi ya koma gefe yana kuka. Naka a wannan lokacin ƙafarka yake bi zuwa zaure, ƙanshin girkin Mama yake shaƙa. Kai ne garkensa. Shi ya sa kai kaɗai yake ji, kuma a idonsa ɗan garuwa da kurar ruwansa kyarkeci ne ya kutso cikin garke.

Bidiyon da ka riƙa kallo sun ɓoye maka wani abu. Faɗa da kyarkeci shi ne mafi ƙarancin aikin waɗannan karnuka. Yawancin yininsu a kwance suke kamar buhun masara, kai a kan ƙafafu, ido ɗaya a buɗe. Da duhu ya shiga sai su miƙe, su zaga iyakar wurin suna fitsari a kan duwatsu da kututture, su tsaya su yi ta haushi mai kauri cikin duhu don duk abin da ke laɓe ya san akwai mai wuri. Wannan haushin da ya hana unguwarku barci, shi ne ainihin sana'ar gidansu. Babu dukan da zai cire masa shi. A cikin gari kuwa, inda babur da mage da mai sayar da shayi ke wucewa har ƙarfe biyun dare, kullum yana da dalilin yinsa.

Akwai kuma abin da ya keɓanci Kokeshiyan. Namijinsa da ya cika girma ba ya gaza kilo 50, da yawa sun wuce haka nesa, kuma gashinsa ninki biyu ne da aka yi domin ƙanƙara. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, shi ya sa suke jin daɗinta. Zafin Maris da Afrilu a Bauchi wani abu ne daban, kuma kare mai wannan riga da aka ɗaure a kan siminti yana haki ba zai yi daɗin hali ba. Sannan tun daga shekarun 1920 aka fara zaɓen irinsa a Tarayyar Sobiyet, aka riƙa amfani da shi wajen gadin gine-gine da sansanoni, inda abin da ake nema shi ne ƙin baƙo. Waɗanda ake kiwatawa a garuruwanmu galibi don gadin gida ake sayensu, kuma zan yi mamaki idan uwar naka ko kakarsa ta taɓa kwana da tunkiya. Ƙari a kan haka, waɗannan karnuka ba sa nutsuwa sai sun kusa shekara biyu. Naka yana tsakiyar tashen balaga ne, jikin babba da hankalin yaro, kuma irinsu an gina su ne su yanke hukunci da kansu a kan dutse babu mai ba su umarni. Yau yana jin maganarka. Kada ka ɗauka ranar da ya ga abin da ya tabbatar masa barazana ce zai tsaya jiran izininka.

Maganar ɗan ragon tana buƙatar bincike kafin a yanke wa karen hukunci, kuma makiyayinku ne kaɗai ya ga abin da ya faru. Ka zauna da shi ka tambaye shi dalla-dalla. Idan karen bin ɗan ragon ya riƙa yi yana tsalle yana kaɗa wutsiya, yana cizon kunne da ƙafa har ɗan ragon ya galabaita ya mutu, wannan wasan ƙuruciya ne da ya wuce gona da iri, ana samunsa har a karnukan da aka raina cikin garke, kuma ana iya gyara shi. Idan kuwa shiru ya yi, ya sunkuyar da kai ya laɓaɓa, ya cafki maƙogwaro, ko aka tarar ya fara ci, to maganar sakinsa cikin tumaki ta ƙare har abada, kada ka sake gwadawa.

Yanzu mu zo ga mutanen gida, don su ne suka fi damuna. Mama tana da hujja, ƙanena, kada ka ɗauki maganarta tsoro ne kawai na tsofaffi. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare yana cikin Bukhari da Muslim, haka ma wanda ya ce duk wanda ya riƙe kare ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, ana rage masa lada kullum. Mai Risala, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda Baba wataƙila ya karanta a zaure, ya ce ba a ajiye kare a gidajen gari, sai domin shuka, ko dabbobin da zai raka daji ya dawo tare da su, ko farautar neman abinci. Gaskiya ne masu sharhi suna kawo labarin cewa shi kansa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, da aka tuna masa da ra'ayin Imamu Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. To amma katangarku ba ta faɗi ba, kuma a gona aka yi muku sata. Abin da ya burge ni a nan shi ne fiƙihu da ilimin kiwo sun nuna hanya ɗaya: wurin wannan kare yana inda dabbobin suke. Ka bar ma batun hukunci, wanda malaminku ya fi ni sani. Tsohuwa da jikokinta suka daina zuwa mata saboda abin da ka kawo gida ta yi haƙuri da kai ƙwarai da ta tsaya a magana.

Shirun Baba kuma ina jin ba na kuɗi ba ne. Garkensa ne, gidansa ne, makiyayin da ya ɗauka ne ake barazanar rasawa, mai unguwar da suke haɗuwa a masallaci ne aka kai wa ƙararsa, kuma duk wannan ya taso daga shawarar da aka yanke ba a tambaye shi ba. Da ya ce ka san yadda za ka yi, ƙofa ya bar maka a buɗe, yana kallon ko za ka gyara kamar babba. Ka same shi bayan sallar isha'i lokacin da ba kowa, ka durƙusa ka ce ka yi kuskure da ba ka shawarce shi ba, ba tare da ka haɗa da "amma" ba. Sannan ka shimfiɗa masa tsarinka da ranaku, ka ce in ya ga wani abu daban nasa za a bi. In kana jin nauyi, ka ɗauki baffanka ko amininsa ya raka ka. Mai yiwuwa ma ka tarar yana da wata dabara game da satar da bai faɗa ba don ba a tambaye shi ba.

Kafin duk wannan akwai abin da ba ya jiran gobe. Ka nemi ɗan garuwan nan ka duba ƙafarsa da idonka. Mutane irinsa sukan ɓoye rauni don kada su rasa gidan da suke kai ruwa. Idan haƙori ya taɓa fata, ko da ƙarzuwa ce, ka kai shi asibiti a duba batun allurar haukan kare, kai za ka biya, kuma ka riƙe a ranka cewa duk wanda kare ya ciza, abu na farko shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15. Ka saya masa wando, ka ba shi haƙuri a gaban mutane. Ka ɗauko katin rigakafin karen ka ga yaushe aka yi masa ta hauka, in babu kati ka kira likitan dabbobi a wannan makon, ya haɗa da maganin kaska da na tsutsar ciki, ku kuma yi maganar ko ya dace a fiɗiye shi. Sarƙar nan kuma ta riga ta nuna maka ba ta riƙe shi. Ɗaurin dindindin yana ƙara wa kare zafin rai, don duk abin da ya tsorata shi ba shi da wurin ja da baya sai dai ya afka. Na 'yan kwanakin da suka rage masa a gidan, a yi masa keji mai ƙarfi a inuwa, mai ƙofa da kwaɗo, makulli a aljihunka. Ka kuma je wurin mai unguwa da ƙafarka ka gaya masa ranar da kare zai bar unguwar. Mutane suna iya jure abin da suka san ranar ƙarewarsa.

A ganina karen ya cancanci gwaji ɗaya a gona, in har labarin ɗan ragon ya nuna wasa ne, kuma in har makiyayi ya yarda. Wannan sharaɗin na biyu shi ne ginshiƙi. Mutumin nan shi zai kwana da dabbar da ta kusa kai nauyinsa, kai kana gari. An kawo masa ita ba a tambaye shi ba, ta kashe ɗan ragon da shi za a tuhuma a kai, kuma kada ka manta tun satar bara yana ɗauke da kunyar cewa barci ya yi. Wataƙila ya ɗauki karen a matsayin sanarwar cewa an daina yarda da shi. Ka cire masa wannan daga rai, ka ƙara masa wani abu a kan albashinsa saboda sabon aikin, kuma ka yarda cewa in ya ce a'a, a'a ɗin ce.

In ya amince, ka gina wa karen shinge mai tsayi manne da na tumaki, yadda zai gan su, ya shaƙi warinsu dare da rana, amma bakinsa ba zai kai gare su ba. Makonni biyun farko kai ma ka tare a gonar. Abinci ya koma fitowa daga hannun makiyayi kana tsaye, har karen ya gane wannan ma nasa ne. Safe da yamma, lokacin da rana ba ta da zafi, ku zaga da shi iyakar gonar da igiya mai ƙarfi, hanya ɗaya kullum. Bayan wasu makonni a fara shiga da shi cikin manyan tumaki da raguna masu ƙaho da ba sa gudu, igiya a hannu, kada a kusantar da shi ga 'yan raguna ko tunkiya mai sabuwar haihuwa. Da ya kafa wa wata ido ko ya yunƙura zai bi, a daka masa tsawa a fizge igiyar nan take, a lokacin, don tsawar bayan minti biyar ba ta koya masa komai. Alamar nasara ba ta da ban sha'awa: zai shiga cikinsu kai a ƙasa, ya kauce wa haɗa ido da su, ya nemi wuri ya kwanta, su kuma su ci gaba da tuƙa a gefensa. Ka ba abin wata uku. A tanadar masa inuwa mai kauri da ruwa a babban mazubi da yashi mai danshi da zai kwanta a kai, a riƙa taje masa gashin ciki da ke zuba, amma kada a aske shi ƙwal, rana za ta ƙona fatar. Batun ci kuma kada ya tsorata ka har ka ɗauka sai abincin gwangwani. Makiyayan Turkiyya da dāmun garin sha'ir da ruwan zafi, a ɗan zuba madara ko nono mai tsami, suke riƙe Kangal. Tuwon masara da romon ƙashi da kayan ciki daga mahauta da ɗan nono zai riƙe shi, likita ya daidaita maka yawan.

Gaskiyar da zan gaya maka ita ce, a shekarunsa, da wuya ya zama karen da ke bin garke daji ya dawo da su. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya zama mai gadin harabar gona: a rufe da rana, a sake shi cikin shinge da dare bayan an kulle tumaki. Wannan ma riba ce, tunda da dare aka yi muku satar. Sai dai shingen dole ne, saboda gonakinmu hanya ce ta mata masu itace da yara masu kai abinci da wasu makiyayan. Ko a Faransa, tun da kyarkeci ya dawo ƙasar ta tsaunukan Mercantour a 1992 aka koma ajiye Patu da yawa, rigimar da ta biyo baya da masu yawon hawan dutse ce, har sai da aka kafa alluna a hanyoyi ana gaya wa mutane su tsaya cik, kada su gudu, kada su ɗaga sanda, su kewaye garken daga nesa. Mu nan ba allo za a kafa ba, ƙarar za ta ƙare ne a wurin dagaci ko 'yan sanda, ko wani ya jefa masa nama da guba.

In gwajin ya ƙi, ko makiyayi ya ƙi, to ka rabu da shi, kuma ka yi hakan da mutunci. Ka fara tuntuɓar wanda ya sayar maka, ko wani da ya saba riƙe irinsu kuma yake da fili mai katanga. Ka faɗa masa komai, har da ɗan ragon da ɗan garuwan. Wanda ya ɓoye wannan don farashi ya ɗauki alhakin yaron da za a ciza a gidan gaba. Za ka yi asarar kuɗi, kuma za ka ji zafin rabuwa, ban raina wannan ba. Kare da ke tashi tsaye in ya ji ƙarar babur ɗinka tun daga kan kwana ba abu ne da ake mantawa a mako ɗaya ba.

Daga nan sai ka sake farawa ta hanyar da ta dace, kuma ba lallai da kare mai tsada ba. A Namibiya, ƙungiyar da Laurie Marker ta kafa don kāre cita, wata dabbar daji mai kama da damisa, ta fara raba wa masu awaki da tumaki karnukan Anatoliya na Turkiyya tun 1994, ta zaɓe su ne saboda gajeren gashi da sabo da ƙasa mai zafi da fari, kuma tun suna 'yan kwikwiyo ake kai su garke. Mafi yawan masu kiwon sun ce asararsu ta ragu sosai. A maƙwabciyarta Botsuwana kuwa karnukan gida na ƙauye ake rainawa cikin awaki, suna kuma yin aikin. A nan kusa da mu, Buzaye a Nijar da Mali sun daɗe da siririn karensu na Azawak yana tsare musu zango da dabbobi. 'Yan kwikwiyo biyu daga wata ruga, waɗanda uwarsu ke kwana da dabbobi, a sa su cikin garke tun suna wata biyu, a yi musu rigakafi, a hana yara mayar da su abin wasa, za su iya yi maka abin da ka je nema Jos, kuma kaska da zafi ba za su kayar da su da wuri ba.

Abu na ƙarshe da ke cina tun da na karanta wasiƙarka: raguna shida ba sa fita daga turke a ɗauke su a kafaɗa. Sai da mota ko a-kori-kura, sai da wanda ya san wanne turke ne na manya da kuma lokacin da barci ke ɗaukar mai gadi. Ban ce ka zargi kowa ba, amma ku zauna da Baba ku tuna su wa suka zo taya ragunan a makonnin da suka gabaci satar, kuma ta ina mota za ta iya kusantar gonar. Fitila mai aiki da hasken rana a kan turakun, ƙofa ɗaya mai kwaɗo, mutum na biyu da zai riƙa kwana a watan Sallah, sanin 'yan sintirin yankin da lambar wayarsu a wayar makiyayi, ko ma dawo da manyan ragunan kusa da gida a makonnin ƙarshe, duk suna cikin abin da za ku auna. Kare ƙararrawa ce mai haƙori, yana tayar da mai barci ya kori mai tsoro. Idan masu bindiga ne suka zo, ka gaya wa makiyayi da bakinka cewa ransa ya fi garken duka, kada haushin kare ya ruɗe shi ya fito.

Ka je ka ga ɗan garuwa yau, ka ga Baba da daddare, ranar Asabar ka tafi gona da goro ka ji labarin ɗan ragon daga bakin makiyayi. In ka samu yadda abin ya faru, ka sake rubuto mini, ka haɗa da faɗin gonar da irin shingen da ke kewaye da ita, sai mu ga ko gwajin wata ukun zai yiwu a wurin. Ka gaishe mini da Mama, ka ce mata jikokinta sun kusa dawowa.